Yadda Ake Gina Katangar Tsaro Tsakanin Injinan Masana'anta da Masu Kutse

A watan Disamba na 2015, ma'aikatan kamfanonin rarraba wutar lantarki a Yukren suna zaune suna kallo aka karɓe ikon kwamfutocinsu daga nesa, ana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Sama da masu amfani da wuta 200,000 abin ya shafa. Ta saƙon imel maharan suka fara shiga kwamfutocin ofis, suka yi watanni suna lalube, sannan suka tsallaka ɓangaren injina. Aikin katangar tsaro, wato fayawol, na'ura ko manhajar da take tace bayanan da ke wucewa tsakanin kwamfutoci, shi ne hana wannan tsallakawar.

Da farko ka san dukiyarka. Rubuta kowace na'urar PLC (ƙaramar kwamfutar da take sarrafa inji), kowane allon sarrafawa, da wanda kowanne yake magana da shi. Ka yi haka ta hanyar sauraron zirga-zirgar bayanai kawai. Kada ka saki manhajar bincike tana ƙwanƙwasa ƙofofi, wato mashigan da na'ura take karɓar saƙo ta cikinsu, domin tsohuwar PLC tana iya sanƙarewa, aiki ya tsaya cik.

Daga nan sai raba gida. Ƙa'idar IEC 62443, ta ƙasa da ƙasa kan tsaron na'urorin masana'antu, ta tanadi a kasa wuri shiyya-shiyya, kowace da mashigarta. Ofis daban, injina daban, sai a yi zaure a tsakiya. Idan manaja yana son ganin alƙaluman aiki, a ajiye masa kwafi a zauren ya ɗauka. Kada kwamfutar ofis ko ɗaya ta yi magana da PLC kai tsaye.

Yanzu sai dokokin katangar, kuma a nan ne nake ganin ake yawan sakaci. Ka fara da rufe komai, sannan ka buɗe abin da ka tabbatar ana buƙata: daga na'ura kaza zuwa na'ura kaza, ta ƙofa kaza. Dalili kuwa, Modbus, yaren da injina da yawa suke magana da shi, tun 1979 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ya tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya kai ga ƙofa mai lamba 502, wato ƙofar Modbus, umarninsa zai yi aiki. Shi ya sa ya fi kyau ka sami katangar da take karanta cikin saƙo. Umarni mai lamba 3 karatu ne kawai, amma 6 da 16 rubutu ne, suna iya sauya saurin famfo ko zafin tukunya. Kwamfutar da aikinta tattara bayanai a bar mata 3, a hana ta sauran.

Na'urorin da suke kashe injin idan haɗari ya taso a keɓe su a shiyyarsu. A 2017 irinsu aka kai wa hari a wata masana'antar sinadarai a Saudiyya, kuma rayukan ma'aikata ne a kansu.

Injiniyan da zai yi gyara daga nesa ya tsaya a zaure tukuna, a tantance shi ta hanya biyu, in ya gama a rufe.

Kafin ka fara toshewa, bari katangar ta yi 'yan makonni tana rubuta abin da take gani ba tare da ta hana komai ba, domin akwai saƙon da sai ƙarshen wata yake wucewa. Ranar da aka tsayar da injina don gyara, ita ce ranar kunna dokokin. Bayan nan ka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda aka buɗe da sunan "na ɗan lokaci". Duk wadda ba a sami mai bayanin amfaninta ba, a goge ta.