Yadda Ake Shirya Walimar Ranar Godiya ta Amurka a Arewacin Nijeriya

Ba'amurken da aiki ko aure ya kawo Kano ko Abuja, da kuma ɗan gida da ya daɗe a Amurka ya dawo da iyalinsa, sukan ji kewa idan Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ta ƙarato, domin ita ce ranar bikin da ake kira Thanksgiving, wato Ranar Godiya. Ana danganta asalinsa da liyafar girbi da baƙi Turawan Ingila suka ci tare da mutanen ƙabilar Wampanoag, 'yan asalin ƙasar, a garin Plymouth da ke Amurka ta yanzu a 1621, kuma Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana shi ranar ƙasa a 1863. Tun da Alhamis ranar aiki ce a nan, ya fi dacewa a ɗage walimar zuwa Asabar, a kuma sanar da baƙi tun da wuri.

Talotalo shi ne jigon abincin, kuma a kansa ya kamata a fi ba da hankali. A saye shi da rai tun farkon Nuwamba, kafin buƙatar Kirsimeti ta ɗaga farashinsa, a yanka shi yanka na halal domin maƙwabta su ci hankali kwance. Talotalon gida yana da taurin nama, saboda haka a jiƙa shi cikin ruwan gishiri da tafarnuwa da citta, ya kwana a firij. Wanda ya sayi daskararre kuwa, ya ba shi kwana guda a firij kan kowane kilo 2 kafin ya narke. Ana gasa shi a zafin digiri 165 na ma'aunin Salshiyas, kimanin rabin sa'a kan kowane kilo, har sai zafin cikin cinyarsa ya kai digiri 74. A ganina kuskure ne a dogara da tandar lantarki a irin wannan rana, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakar gashi, aikin ya lalace. Gara a yi amfani da ta gas, ko a yanyanka naman a gasa shi sannu a hankali a kan gawayi.

Sauran kayan duk suna kasuwa. Kabewa tamu tana yin kek ɗin kabewa mai kyau idan aka dafa ta, aka tsane ruwanta sosai, sannan aka haɗa da ƙwai da madara da kirfa. Dankalin Hausa da na Turawa da garin masara ba su da wuyar samu. Abin da ba a cika samu ba shi ne 'ya'yan kiranberi masu tsami da Amurkawa ke yin miyar cin nama da su, kuma a nan zoborodo yake maye gurbinsu: a tafasa shi da sukari da ɓawon lemu har ya yi kauri, launinsa da tsaminsa sun yi kusa ƙwarai.

Kafin a sa hannu a abinci, mai gida ya bayyana wa baƙi al'adar da iyalai da yawa ke bi, inda kowa ke faɗin abin da yake gode wa Allah a kai a shekarar. Wanda zai kira dangi a New York ya tuna cewa a ƙarshen Nuwamba Nijeriya tana gabansu da sa'o'i 6, don haka bayan sallar isha'i ne zai same su a kan teburin cin abinci ranar Alhamis ɗin.