Ciwon wuyan da ya ƙi tafiya, a gwada motsa allon kafaɗa

Ƴan'uwa maganar ciwon wuya nake so mu yi, irin wanda ya wuce wata 3 yana tare da mutum, ka shafa man zafi ya lafa kwana biyu ya dawo, ka je kemis a haɗo maka ƙwayoyi ya lafa ya sake dawowa, har ta kai in za ka yi sallama a sallah sai ka juyo da ƙirji gaba ɗaya saboda wuyan ya ƙi juyawa. Ni tela ne a Agege, Legas, kuma na sha fama da shi, musamman in sallah ta matso ɗinki ya taru, kai a sunkuye kan keke tun safe har dare. Ba ni kaɗai ba ne kuma, direbobin tanka masu kwana a layi a Apapa, ƴan dako a Mile 12, masu keke napep, har yaran da ke wuni kan waya, duk kukan ɗaya ne.

Ranar da na ga likitan fiziyo, wato mai magance ciwon tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, na ɗauka wuyan zai yi ta dannawa, sai ya ce in cire riga, ya tsaya a bayana ya ce in ɗaga hannu sama in sauke a hankali, allon kafaɗata yake kallo. Bayanin da ya yi min shi ne ya sa na gane abin. Allon kafaɗa ƙashi ne mai faɗi, ba a manne yake da ƙashin baya ba, zamewa yake yi a kan haƙarƙari, abin da ya haɗa shi da gangar jiki a ƙashi shi ne wannan siririn ƙashin da ke ƙasan wuya ta gaba, sauran duk tsoka ce ke riƙe da shi, har guda 17. Toh a cikinsu akwai wadda ta taso daga ƙasusuwan wuya 4 na sama ta sauko ta kama kusurwar allon, akwai kuma babbar nan da ta taso tun daga ƙeya ta bazu har tsakiyar baya. Wato wuya da allo igiya ɗaya ta ɗaure su. In mutum ya shekara yana zama kafaɗu a zube gaba, tsokokin ƙasa da na tsakanin allunan sai su yi sanyi, na sama su ɗauki aikin duka, ga nauyin hannu ga kai mai kusan kilo 5 a kan ƙasusuwa 7 na wuya, ina za su huta? Shi ya sa kake jin wurin nan tsakanin wuya da kafaɗa ya yi tauri kamar icce.

Amma fa ba kowane ciwon wuya ne na motsa jiki ba, wannan don Allah a riƙe shi da kyau. In ciwon ya biyo bayan haɗari ko faɗuwa daga mashin, ko hannu yana mutuwa yana rasa ƙarfi har abu na suɓucewa, ko maɓallin riga ya fara gagara, ko tafiya ta koma tangaɗi, asibiti za ka nufa. Wuya ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ana tsoron sanƙarau, ba a kwana da shi. Haka ciwon da ya haɗo da nauyin ƙirji yana hawa muƙamuƙi ko hannun hagu, wannan yana iya zama zuciya.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan toh bismillah. Farkon abin da za ka koya shi ne saita allon, kuma wallahi shi ne ginshiƙin komai, wanda bai iya shi ba sauran ɓata lokaci zai yi. Zauna kan benci ƙafa biyu a ƙasa, ɗago ƙirji kaɗan, sai ka ja allunan biyu baya kamar kana so su gaisa a tsakiyar bayanka, ka ɗan saukar da su ƙasa nesa da kunne. Riƙe ka ƙirga 5 zuwa 10, saki, ka maimaita sau 10. Ba da ƙarfi ake yi ba, nan ne mutane ke kuskure, wani sai ya bankaro ƙirji kamar soja a fareti ya riƙe numfashi, wani kuma kafaɗun sai su haye kunne bai sani ba, kaga ya ƙara wa tsokar da ta gaji aiki kenan. Ni madubin shago na yi amfani da shi satin farko, ina kallon tazarar da ke tsakanin kunne da kafaɗa, in ta ragu na san na ɓata. Abin da ya kamata ka ji shi ne ɗan aiki a tsakanin allunan da ƙasansu, saman kafaɗa kuwa ya zama sakwa-sakwa, in ka taɓa da ɗayan hannun ka ji laushi.

Ka haɗa shi da jan haɓa, ido na kallon gaba, ka ja haɓa ciki kai ya koma baya ba tare da ka sunkuya ko ka ɗaga ba, ƙirga 5, sau 10.

Sai na roba. Akwai robar motsa jiki da ake sayarwa, in ba ka samu ba je wurin mai faci ya ba ka tsohon tiyub na keke, yana aiki. Ɗaura shi a ƙarfen taga daidai tsayin ƙirji, kama baki biyu, ja da baya har ya ɗan miƙe, fara saita allon tukuna sannan ka jawo gwiwar hannu baya kusa da jiki, tsaya kaɗan, sai ka mayar a hankali, kar ka bari robar ta fizge ka, komawar ma aiki ce. Sau 10 zuwa 12, huta, ka yi zagaye 2, in jiki ya saba ka kai 3.

Na bango kala biyu ne kuma suna gyara wata tsoka da ke kwance gefen haƙarƙari ƙasan hammata, ita ce ke manne allon a jiki tana juya shi in za ka ɗaga hannu. Fuskanci bango ka jingina hannaye daga gwiwa zuwa tsintsiya, ka zame su sama a hankali suna ɗan buɗewa, ka sauko, sau 10. Ɗayan kuma tafin hannu a bango daidai kafaɗa, gwiwar hannu a miƙe kar ka lanƙwasa, ka tura bangon har ka ji allunan sun rabu bayanka ya ɗan cika, sannan ka bar su su dawo. Motsin ƙarami ne sosai, ana iya raina shi, kar a raina.

Mai wahalar shi ne na kwanciya, ni sai a sati na 3 na fara shi. Shimfiɗa tabarma ka kwanta ruf da ciki, naɗe tawul ka sa a goshi, buɗe hannaye gefe da gefe babban yatsa na kallon sama, ɗaga su kaɗan daga ƙasa ta hanyar matso allunan, ƙirga 3 ka ajiye. In ka iya sau 10 ba tare da wuya ya ɗaure ba sai ka matsar da hannayen sama su yi kamar reshen bishiya, ka sake. Kai ya zauna kan tawul ɗin, da ka ji kana ɗaga shi to ka gaji, tsaya haka nan.

Ka rufe da miƙewa. Tsaya bakin ƙofa hannu a jikin katakon, taka gaba har gaban ƙirji ya ja, daƙiƙa 20 zuwa 30. Sai ka zauna ka kama gefen benci da hannun dama, ka karkata hanci wajen hammatar hagu, haka ma ɗaya gefen, ba fizga.

Saita allo da jan haɓa kullum ake yi, ni na ɗaura su da salloli biyar, ina idar da sallah kafin in tashi na yi, minti 2 ne. Na roba da bango da kwanciya kwana 3 a sati ya isa, a bar kwana ɗaya tsakani. Kuma sai an yi haƙuri, a ba shi sati 6 zuwa 8 kafin a ce ya yi ko bai yi ba, tsoka ba ta ƙarfi a kwana uku. Tsamin jiki washegari ba komai ba ne, amma in ka ji zafi kamar wutar lantarki yana sauka hannu, ko jiri, ka dakata.

Zaman aikin ma sai an taɓa shi. Tela ya duba tsayin kujerarsa da hasken shago, rashin haske ne ke sa mu kifa kai kan allura, ya riƙa miƙewa duk bayan rabin awa. Direba ya matso da sit gaba kar ya riƙa miƙa hannu yana neman sitiyari, in gosulo ya tsaya cak ya saita allon sau 10 a nan inda yake. Hajiya mai goyo ko mai ɗaukar kaya a ka, duk waɗannan kina iya yinsu a ɗaki, ki fara da na zaune da na bango. Tausa da ruwan ɗumi suna sassauta wurin kuma babu laifi a haɗa, abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar wani a shagon aski ya murɗe maka wuya don a ji ƙas.

In sati 8 ya cika kana yi tsakani da Allah ba canji, nemi likitan fiziyo ya kalli yadda kake yi da idonsa, sau da yawa gyaran ɗan kaɗan ne. Akwai sashensu a asibitin ƙashi na Igbobi, akwai a asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba, akwai a asibitin koyarwa na LASUTH Ikeja, ka tafi da sassafe ka sa riga mai sauƙin cirewa don bayan za su duba.