Yadda Ake Gano Ciwon Tsohuwar Volkswagen In Ta Mutu Cikin Zafin Damagaram

Tsofaffin Volkswagen, ƙirar kunkuru da Kombi, ba su da lagireto. Injin yana baya, silinda huɗu a kwance, iska da baƙin mai kaɗai ke sanyaya shi. A nan Damagaram kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, iskar da ake jira ta sanyaya injin ita ma da zafinta take shigowa.

Ga yadda abin ya saba faruwa. Ka taho daga Mirya lafiya lau, ka tsaya Kasuwar Dole minti goma, ka dawo ka murɗa makulli, injin na juyawa amma ya ƙi tashi. Da ka kashe mota fankar da ke hura wa injin iska ta tsaya, zafi ya taru a ɗakin injin, esansin da ke cikin tiyo da famfon mai ya tafasa ya zama tururi. Famfon nan ruwan esansi aka yi shi ya tura, tururi ya fi ƙarfinsa.

Da farko tura ta inuwa, ka ɗaga murfin baya. Kada ka watsa wa injin ruwa, don Allah. Kan silinda na alminiyam ne, yana iya tsagewa. Cire matacin iska, ka leƙa maƙogwaron kafireta, ka ja totur da hannu, injin a kashe. In ba ka ga ɗan siririn esansi ya tsirto ba, alhali akwai mai a tanki, to tururi ne ya tare hanya. Jiƙa tsumma ka ɗora kan famfo da tiyo, ka ba ta kamar minti ashirin. In kuma ya tsirto, ga warin esansi ya cika wurin, mai ne ya yi mata yawa: taka totur har ƙasa, ka riƙe, ka murɗa makulli. Masu tsiyaya esansi a bakin kafireta su daina, gobara suke nema.

Ta tashi, ka isa gida. Yanzu bi tiyon mai tun daga tanki, ka tabbata babu inda ya jingina da ƙarfe mai zafi. Ƙarƙashin famfo akwai wani kauri na baƙar roba mai tauri da ke raba shi da zafin injin, duba ko ya fashe. Tiyon da ya bushe ya tsattsage a sauya shi, a ɗaure bakinsa da kyau. In ka buɗe murfin tanki ka ji ya ja iska, hanyar numfashinsa ta toshe. Esansin kwalba kuma a tace shi kafin a zuba.

Duk wannan rabin aiki ne in injin kansa yana wuce kima da zafi, kuma a nan ne na fi son a daɗe. Danna bel ɗin fanka da babban yatsa, ya lotsa santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bel ɗin nan ke juya dinamo da fanka tare, saboda haka in jar fitilar caji ta kama kana tafe, tsaya nan take. Sannan, injin a kashe, zura hannu bayan gidan fanka ka lalubo. Sau da yawa baƙar leda ce za ka zaro, ta manne a bakin fankar ta hana ta shaƙa. Duba faranten kwano da suka kewaye injin da robar da ta rufe gefensa. Wasu makanikai kan cire su su jefar, wai don injin ya sha iska. Ɓarna ce babba: su ne ke hana iskar da ta riga ta ɗau zafi a ƙasa komawa cikin fanka. Ko robobin bakin buji, wato fulogi, ba a bari babu su.

Cikin gidan fanka akwai abin sanyaya baƙin mai. In yana yoyo, ƙurar hunturu ta haɗu da man ta zama laka ta toshe shi, sai an sauke an wanke. A injunan da suka girmi 1971 yana tsaye ne a hanyar iskar silinda ta uku, shi ya sa ita ke fara ƙonewa.

Saitin bawul milimita 0.15 ne, da safe injin na sanyi. Wutar buji in ta yi gaba da yawa tana ƙara zafi, a kai wa wanda ya san injin ya saita. Baƙin mai lita biyu da rabi yake ci, a juye duk kilomita 5,000, mu da ke cikin ƙura ma kafin nan. Bayan doguwar tafiya zaro sandar awon mai. In ba ta riƙuwa a hannu, injin ya yi zafi fiye da kima.

A hanyar Tanut ko Matamaye, in da kaya kuma ga hawa, kada ka bar ta tana nishi a giya ta huɗu. Gudun fanka yana bin gudun injin ne, sauko ta uku.