Ka goge wasiƙu amma wuri bai ƙaru ba?

Jama'a, ga shawara ga masu karanta imel da Thunderbird ko Outlook a kwamfuta. Wasiƙar da ka goge kwandon shara take faɗawa tukuna. Ko ka zubar da kwandon, Thunderbird alama kawai yake sa mata, tana nan kwance cikin fayil tana cin wuri. Sai ka matse foldar, wato ka danna Compact, sannan zai sake rubuta fayil ɗin babu tarkacen.

Amma kafin ka zubar da kwandon ka matse, leƙa cikinsa da kyau (wasu har rasit suke ajiyewa a can, abin mamaki). Sannan rufe manhajar, ka kwafi foldar da wasiƙunka suke ciki zuwa filashi ko wani faifai na waje. Bayan an matse, abin da ya tafi ya tafi ke nan. Kada kuma ka kashe kwamfuta ana tsakar aikin, fayil na iya lalacewa.

Masu Outlook, fayil ɗin PST, wato wanda Outlook ke ajiye wasiƙu a ciki, yana da iyaka, 50GB ne tun daga Outlook na 2010, kuma tun kafin ya cika yake fara nauyi. Gmail kuwa da kansa yake share kwandonsa bayan kwana 30.