Miksar kwaɓa fulawa: yadda ake zaɓen mai ƙarko da gyara wadda ta tsaya

Uwargida, kafin ki tsaya zaɓen kala ko karanta yawan wat ɗin da aka buga a jikin kwali, juya miksar ki duba bayanta da ƙasanta. Akwai notunan da sukudireba za ta iya kwancewa? Akwai lambar samfuri a rubuce? Shigar da lambar a intanet ki ga ko ana sayar da giyarta, da bel, da kabon ɗin moto, da maburgai daban. In ana samu, ki ci gaba da ciniki. In ba a samu, ni dai ba na ba da kuɗina, komai sheƙinta. Duk injin da ke kokawa da kwaɓin burodi wata rana sai wani abu ya cinye a cikinsa. Miksar da ke daɗewa ita ce wadda za a iya buɗewa a canza abin da ya cinye, a mayar da ita bakin aiki.

Akwai dalilin da ya sa wasu sunaye suka yi fice wajen ƙarko. Kamfanin Hobart na Amurka, masu ƙera manyan injunan gidajen burodi, su suka fitar da miksar gida ta KitchenAid a 1919, siffar da aka sani yau kuma ta samo asali daga samfurin K na 1937. Tun daga wancan samfurin, bakin nan na gaba da ake jona injin niƙa nama da makamantansa bai canza ba, shi ya sa abin da aka ƙera bana yake shiga injin da ya girmi mai shi. A Ingila, Kenwood Chef ta fito a 1950. A Suwidin kuma Electrolux ya fitar da Assistent a 1940, ita ce yau ake sayarwa da sunan Ankarsrum. Ba talla nake yi musu ba. Abin da ya haɗa su shi ne sun daɗe a kan ƙira kusan iri ɗaya, saboda haka kayan gyaransu sun wadata, masu gyara kuma sun san cikinsu ciki da bai.

Sai tambaya ta biyu: me kike yawan kwaɓawa? In kek ne da biskit da kirim da bugun ƙwai, kusan kowace miksa mai nauyi za ta yi miki. Burodi ne ke tona asirin inji. Fulawa gram 500 da ruwa gram 300 kwaɓi ne madaidaici. In ruwan ya yi ƙasa da haka sosai, ko aka ninka fulawar, giya da moto ne ke ɗaukar wahalar. Saboda haka ki yi zaɓinki a kan kwaɓi mafi tauri da kike yi, ba a kan wanda ya fi sauƙi ba.

Ƙira uku ce a kasuwa. Akwai mai ɗaga kai, wadda kan nata ke kan hinji; tana da daɗin aiki, kwanonta yakan kai lita 4 zuwa 5, amma hinjin nan shi ne rauninta in ana yawan ba ta kwaɓi mai tauri. Akwai mai ɗaga kwano, wadda kanta a kafe yake, kwanon ne ke hawa da sauka. Ta fi jure burodi, sai dai tana da tsawo kuma ƙaramin haɗi, kamar farin ƙwai biyu, yakan ɓace mata a gindin kwano. Sannan akwai mai moto a ƙasa, irin su Ankarsrum da Bosch Universal. A Ankarsrum kwanon ne da kansa ke juyawa, lita 7 ne, an kuma yi shi ya ɗauki kwaɓi har kilo 5. Wadda ke yin burodi kowane mako, da yawa, a ganina nan ya kamata ta fara dubawa, ko da yake sai ta ɗan koyi hannunta, don aikinta ya bambanta da sauran.

Batun wat yana yaudarar mutane da yawa. Lambar nan wutar da injin ke ja ce daga soket, ba ƙarfin da ke isa ga ƙugiyar kwaɓi ba. Miksocin KitchenAid masu ɗaga kai da aka fi sani wat 300 zuwa 325 ne, suna kuma yin shekaru, alhali za ki ga wata an rubuta mata 1,200 amma jikinta roba ce mara nauyi, an sa mata ƙafafu masu manne wa tebur don kada ta yi tafiya. Ɗaga ta ki ji. Mai jikin ƙarfe takan kai kilo 10, wannan nauyin ne ke riƙe ta a wuri ɗaya, jikin ƙarfen kuma yana taimakawa wajen fitar da zafi. Araha ba ta ado.

Wani abin da ke kashe sabuwar miksa a ranar farko: wuta. Wadda aka ƙera don Amurka ko Kanada volt 120 take so. In aka jona ta a wuta mai volt 220 zuwa 240, irin ta Turai da mafi yawan ƙasashen duniya, nan take za ta ƙone. Ɗan abin canza bakin fulogi ba ya rage ƙarfin wuta. Sai taransifoma, wadda ƙarfinta ya zarce wat ɗin injin da tazara mai kyau. Ki karanta ɗan farantin da ke ƙasan miksar kafin komai.

In gwanjo za ki saya, kada ki ji tsoro, tsohuwar mai jikin ƙarfe sau da yawa ta fi sabuwar roba. Amma a kunna miki. Ki bi da ita tun daga lamba ta ɗaya har ƙarshe, ki ji ko gudun yana ƙaruwa daki-daki ba tsalle. Ki kashe, ki kama sandar da ake maƙala maburgi ki jijjiga ta gefe da gefe. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma in tana lilo, an ci ƙarfinta. Ki sunsuni wajen iskar moto. Warin ƙonannen koyil ba ya ɓuya.

Yanzu sai gyara. Ƙa'ida ɗaya ce ba ta da sassauci: ki zare fulogi daga soket kafin ki taɓa komai, kashe maɓalli bai isa ba. In kuma garanti bai ƙare ba, kada ki buɗe, ki mayar musu.

Matsalar da ta fi yawa ko buɗewa ba ta buƙata. Za ki ga bota da sukari sun kwanta a gindin kwano maburgi bai taɓa su ba, ko kuma ki ji maburgin na kartar kwano har fentinsa na ɓarewa. Tazara ce ta goce. Ɗauki siririn kwabo ki sa a gindin kwanon da babu komai, ki maƙala maburgi mai faɗi, ki kunna a lamba ta ɗaya. In tazarar daidai take, duk zagayen da maburgin zai yi zai ɗan tura kwabon gaba kamar santimita ɗaya ya bar shi. In bai taɓa shi ba, ya yi sama; in yana jan sa yana zagaye da shi, ya yi ƙasa. A KitchenAid mai ɗaga kai, ki ɗaga kan za ki ga noti ɗaya a wuya: juya shi dama yana saukar da maburgi, hagu yana ɗaga shi. Rubu'in zagaye kawai, sai ki sake gwadawa, don in kika zarce makullin kan zai daina kamawa. A Kenwood kuwa notin yana jikin sandar maburgin, da sifana ake sassauta shi a daidaita tsawon a sake ɗaurewa.

In kan miksar yana rawa lokacin kwaɓi, ki duba ƙarfen da ya ratsa hinjin. Yakan zame ya leƙo ta gefe ɗaya. Mayar da shi ciki, ki kwantar da miksar a kan tawul, ki leƙa ta cikin wuyan daga ƙasa, akwai ɗan notin da ke riƙe shi, ki ɗaure.

In ta ƙi tashi gaba ɗaya, ki fara da soket da waya da fis. Bayan su sai kabon, wasu 'yan guntayen baƙin abu guda biyu masu sifirin da ke goga a jikin moto suna kai masa wuta. A hankali suke cinyewa. A miksocin da ke da baƙaƙen murafai biyu a gefen kai, kabon ɗin na bayansu, da sukudireba mai faɗi ake buɗewa. In sun gajarce, a canza su biyun tare. Ki lura da wannan: kowane kabon yana da kusurwa ɗaya da aka ɗan yanke, ramin kuma yana da ɗan tudu da ya dace da ita. In aka sa shi a juye ba zai kai ga moto ba, miksar za ta yi shiru, ki ɗauka ta mutu alhali lafiyarta ƙalau.

Ɗigar mai tana tayar wa mutane hankali fiye da yadda ya kamata. Sai ki ga ruwan mai rawaya ko baƙi-baƙi yana gangarowa ta sandar maburgi. Giris ne ya rabu, man ya ware daga kaurinsa, yakan faru in miksa ta daɗe a ajiye, ko ta sha zafi, ko an kwantar da ita a gefe. In ɗigo ne kaɗan, goge, ki kunna ta babu komai a babban gudu na minti biyu giris ɗin ya sake haɗuwa. In ta ci gaba, ko ƙararta ta koma ta ƙarfe kan ƙarfe, lokacin sabon giris ya yi.

Wannan ya kawo mu ga babban aikin. Kina tsaka da kwaɓi sai ki ji ƙas-ƙas-ƙas, moto na ta gudu amma ƙugiya ta tsaya cak. A miksa mai bel, ki fara duba bel ɗin, wataƙila ya tsinke ko ya saki. A masu ɗaga kai irin na KitchenAid kuwa, kusan kullum giya ɗaya ce ta nailan ta zube. Mutane kan ce ha'inci ne a sa roba cikin injin ƙarfe. Ni ban yarda ba. Aikinta irin na fis ne: in kaya ya fi ƙarfin inji, ita ce za ta karye don moto ya tsira, canza ta kuma ya fi canza moto sauƙi.

Ki tanadi sukudireba mai faɗi da mai kuros, ƙaramar guduma, siririn ƙarfen fitar da fin, tsummoki da yawa, sabuwar giya, sabon gasket (siririyar shimfiɗar da ke hana giris yoyo), da giris. Giris ɗin dole ya zama wanda aka yi don injunan abinci, za ki ga alamar NSF H1 a jikin robarsa. Kada ki yarda a sa miki na mota, domin wurin nan saman kwanonki yake. Ki ɗauki hoto da waya a kowane mataki, ki zuba notunan kowane wuri a kofinsu daban.

Cire murfin baya da ɗamarar ƙarfen da ta zagaye kan. Ɓamɓare zoben da ke kewaye da faifan da ke juya maburgi. Akwai fin da ya ratsa tsakiyar faifan, ki buga shi ya fita, ki zare faifan a hankali. Za ki ga notuna 5 a ƙarƙashinsa, da wasu 4 a ƙasan kan. Ɗaya daga na baya yana da wosha mai haƙori, ki lura da raminsa. Zare robar da ke riƙe wayar wuta a baya, sai ki ɗaga saman kan, ki kwantar da shi a kan tawul.

Abin da za ki tarar ba kyan gani. Tsohon giris ya yi duhu, wani wurin ya daskare a bango ya bar giyoyin a bushe. Ki sa yatsa cikinsa kusa da giyar nailan ɗin, za ki ji 'yan ɓarɓashi masu tauri, haƙoranta ne. Ki juya giyar, za ki ga gefe ɗaya ya shafe sumul, sauran haƙoran suna nan. A nan ake bukatar haƙuri: duk tsohon giris ɗin sai ya fita, har na tsakanin haƙoran sauran giyoyin, da tsumma da tsohon buroshin haƙori, saboda ɓarɓashi ɗaya da ya rage zai iya cin sabuwar giyar. Giyar na zaune a kan wani ɗan gida mai notuna 3. Kwance shi, fitar da fin ɗin da ke riƙe ta, sa sabuwa. Ana kuma sayar da gidan gaba ɗaya a haɗe, wanda ya fi sauƙi ga mai farawa. Cika giris kamar gram 170, ki tura shi cikin haƙora da kewayensu, sa sabon gasket, ki rufe. In saman ya ƙi zama, kada ki danna da ƙarfi, ɗan juya sandar har haƙoran su shiga juna. Bayan kin ɗaure komai, ki kunna ta babu kaya a ƙaramin gudu na 'yan mintuna, sannan ki sake gwajin kwabo.

Inda nake tsayawa shi ne hayaƙi da tartsatsi. Tsofaffin injuna masu shekaru da dama kan fasa kafasita (wani ƙaramin kayan lantarki da ke cikinsu), sai hayaƙi mai wari ya turnuƙe, duk da haka sau da yawa moton lafiya yake. Amma wannan aikin mai gyaran lantarki ne, haka ma in gudun yana hawa da sauka shi kaɗai, ko jikin miksar yana jan hannu. In ya duba ya ce koyil ɗin moto ne ya ƙone, a injin roba mara kayan gyara ba na wahalar da kaina. A mai jikin ƙarfe kuwa ana sayar da moton daban.

Sabuwar giyar ma za ta bi ta farko in ba a canza yadda ake aiki ba. KitchenAid da kansu sun ce kwaɓin yis kada ya wuce lamba 2 a miksocinsu. Kada ki wuce adadin fulawar da littafin injin ya ƙayyade, in haɗin ya yi yawa ki raba shi biyu. Ki riƙa ɗora tafin hannu a saman kan. In zafin ya kai ba za ki iya barin hannun a wurin ba, ki kashe ta huta. Bota mai sanyi da tauri a bari ta yi laushi kafin a zuba. Maburgan alminiyam marasa fenti kuma da hannu ake wanke su a goge nan take, don injin wanke kwanuka yana sa su yi toka-toka, baƙin ya riƙa fita a cikin ƙullu.