Yadda ake biskit ɗin na'ana'a mai siffar kwagiri, irin na Kirsimeti a gidajen Amurka

A Amurka da Kanada, da watan Disamba ya kama, gidaje da yawa kan ware yini guda na gashin biskit. Kaka ta fito da tsohuwar takardar da aka rubuta ma'aunin kayan haɗi, jikoki su kewaye tebur, a gasa da yawa, a zuba a gwangwanaye a kai wa maƙwabta da abokan aiki. Cikin ire-iren da ake yi har da wannan mai ja da fari, wanda ake kwaikwayon alawar nan ta na'ana'a mai lanƙwasasshen kai da ake ratayawa a bishiyar Kirsimeti. Ita alawar da hannu ake lanƙwasa ta a da, har shekarun 1950 da wani limamin Katolika, Gregory Keller, ya ƙera wa kamfanin surukinsa Bob McCormack da ke Albany a jihar Jojiya injin da ke yin aikin. Biskit ɗin kuwa har gobe da hannu ake yi, shi ya sa yake buƙatar mutane da yawa.

Uwargida, ga abin da za ki tanada don samun guda 40 zuwa 45: bota giram 225, garin sukari mai laushi irin na ado a kek giram 120, ƙwai 1, fulawa giram 315, gishiri rabin cokalin shayi, ruwan banila cokalin shayi 1, ruwan ƙamshin na'ana'a rabin cokalin shayi, jar kalar abinci, sai minti mai na'ana'a kamar guda 10 da sukarin shayi cokali 2. Ba a sa bakin foda, don idan kwaɓin ya tashi siffar za ta baje.

A kula da ruwan ƙamshin. Na'ana'ar da ake nufi ta fi wadda muke jefawa a shayi kaifi da sanyaya baki, saboda yawan sinadarin mentol da ke cikinta. Yawancin na kwalba da barasa ake tsamo ƙamshinsa, wanda ke ƙyamar hakan sai ya duba jikin kwalbar, ko ya nemi man na'ana'a da aka rubuta cewa na abinci ne. Shi man ɗigo 3 ko 4 sun wadatar. Aka zarce, yara za su ce man goge baki aka ba su.

Da farko ki fito da botar ta saki, yadda yatsa zai shiga amma ba ta narke ba. Ki haɗa ta da garin sukarin, ki buga da muciya ko na'urar bugu har ta yi fari ta yi haske. Ki fasa ƙwan a ciki, ki zuba banila da ƙamshin na'ana'a, ki ƙara bugawa. Sai ki tankaɗe fulawa da gishiri, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina juyawa. Da zarar garin ya ɓace ki tsaya. Yawan murza na sa biskit tauri.

Ki raba kwaɓin gida biyu daidai. Ki ɗiga jar kala a kashi ɗaya, ki cuɗa har launin ya game ko'ina. Ya ɗan fi yadda kike so ja, domin gashi na dusashe shi. Ki naɗe kowanne a leda ki sa a firij na aƙalla awa 1. Kada ki tsallake wannan matakin. Kwaɓin bota ne, da ya ji ɗumin hannu sai ya fara maiƙo yana tsinkewa.

Yanzu ne za a kira mutanen gida. A raba aiki: ƙananan yara su riƙa ɗibar cokalin shayi ɗaya-ɗaya suna mulmula ƙwallaye, wani ya riƙe ja, wani fari. Manya su murza kowane ƙwallo a kan tebur da tafin hannu, ya zama siririyar igiya mai tsawon santimita 10. A jera ja da fari gefe da gefe, a ɗan matse kawunansu, a tufke su a hankali, a sake mirginawa sau ɗaya don su manne, sannan a ɗora a tiren gashi a lanƙwasa kan. A kan tiren ake lanƙwasawa, ba a hannu ba. Kuma ɗaya-ɗaya ake gamawa. In aka murza igiyoyi da yawa aka ajiye, musamman da iskar hunturu, kafin a zo kansu sun bushe suna tsagewa. Sauran kwaɓin ya zauna a rufe cikin firij, a riƙa gutsurowa.

Na yara zai fito a karkace, wani da ƙaton kai, wani kamar ba a tufke ba. Ni dai ban ga dalilin gyara musu ba. Yaro na son ya gane nasa a cikin faranti ya nuna wa baƙo. Abin da kawai za ki sa wa ido shi ne kauri: in wani ya fi wani kauri sosai, siririn zai ƙone kafin mai kaurin ya gasu.

Ki kunna oban ya yi zafi zuwa digiri 190 a ma'aunin salshiyos tun kafin tiren ya cika. Ki shimfiɗa takardar gashi, ki bar tazarar yatsa biyu tsakanin biskit da biskit. Minti 9 zuwa 10 ya isa. Kada ki jira farin saman ya sauya launi. Ki ɗaga guda ɗaya ki duba ƙasansa, in ya fara launin ruwan zuma a sauke. Wadda ba ta da oban ta zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ta rufe ya ɗau zafi sosai, ta ɗora tiren a kan abin da zai ɗaga shi daga yashin. Wuta matsakaiciya, kuma a fara gwadawa da guda uku.

Yayin da ake gashi, a daka mintin a turmi, ko a sa shi a leda biyu a ba wani yaro taɓarya ya farfasa. Ɓarzawa ake so, ba gari ba. A gauraya da sukarin nan cokali 2. Ana fito da tiren, tun biskit na da zafi, a barbaɗa a kai ya manne. In aka barbaɗa kafin gashi narkewa zai yi ya kama tiren.

Ki bar su minti 5 a kan tiren kafin ki taɓa, don wuyan kwagirin ne ke fara karyewa. Ki ɗauke da faffaɗan cokali, su huce sarai. A gwangwani mai murfi suna kai mako guda, a sa takarda tsakanin jeri da jeri. Kada a haɗa su wuri ɗaya da cincin ko kek, ƙamshin na'ana'a zai bi su duka. Wanda za a kai wa maƙwabta kuma a kwantar da shi a kwano mai faɗi. In aka zuba a leda, gutsattsari zai isa gidan.