Yadda na gyara warin danshi a ɗakin kwana

Alamar ita ce wari irin na tsumman da ya jiƙe, da toshewar hanci da safe. Turaren feshi rufe warin kawai yake yi, don haka na fara da awo. Na'urar auna danshi ta nuna kashi 72 cikin ɗari, alhali abin da ake so shi ne 40 zuwa 60. Da zarar ya zarce haka, fumfuna ta samu wurin zama.

Tushen matsalar yana cikin na'urar sanyaya ɗaki. Ragar tace ƙura ta cushe, tiyon fitar da ruwa kuma ya toshe, sai ruwa ya kwanta a farantin ciki, iskar da ke fitowa tana kwaso warinsa. Na kashe wuta, na cire ragar na wanke da ruwan ɗumi da sabulu, na bari ta bushe ƙarau. Mayar da ita da lema maimaita matsalar ne. Tiyon na zuƙe shi daga waje har ruwa ya gudana.

Bayan kabad ma bango ya yi baƙi-baƙi. Na goge da bilic kofi 1 cikin ruwa lita 4, taga a buɗe, da safar hannu da takunkumi. Kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan khal (binega) ko sinadarin amoniya, iska mai guba suke fitarwa. Sannan na janye kabad ɗin santimita 10 daga bango.

Yanzu taga da ƙofa minti 15 a buɗe safe da yamma, wankin raga duk mako 2. Awo ya tsaya kan 55.